-fold (ɗafa-ƙeya)

-fold ɗafa-ƙeya ce a harshen Turanci wadda ake liƙa wa lambobi da wasu kalmomin adadi domin a nuna ninki. Idan aka ɗafa ta a jikin *two*, wato biyu, sai a samu *twofold*, ninki biyu. A jikin *ten* tana ba da *tenfold*, ninki goma, a jikin *hundred* kuma *hundredfold*, ninki ɗari. Tana da wata ma'anar ta biyu, wadda ke nuna cewa abu ya ƙunshi sassa ko fuskoki kaza. Tana cikin tsofaffin ɗafe-ɗafen Turanci, domin akwai ta a rubuce-rubucen da suka haura shekara 1,000, kuma tushenta ɗaya da aikatau *fold*, wanda ke nufin ninke abu kamar tufa ko takarda. A yau an fi cin karo da ita a jaridu, rahotannin tattalin arziki da rubutun kimiyya. Ba a cika jin ta a hirar yau da kullum ba.

## Furuci da rubutu

Ana furta *-fold* da irin wasalin da ke cikin *old*, *cold* da *gold*. Nauyin furucin kalmar yana sauka ne a kan lambar da ke farko, ba a kan ɗafin ba.

Idan an rubuta lambar da haruffa, ana haɗe ta da ɗafin su zama kalma guda: *threefold*, *sevenfold*, *thousandfold*. Idan kuwa da alƙaluma aka rubuta, sai a sa karan ɗori a tsakani: *10-fold*, *250-fold*, *1.5-fold*. Haka ma idan lambar da ma tana da karan ɗori a cikinta, kamar *twenty-five-fold*. Ɗafin bai tsaya kan lambobi kaɗai ba. Akwai *severalfold* da *manyfold*, kuma masu lissafi kan rubuta *n-fold* idan ba su fayyace adadin ba.

## Ma'ana da aikinta a jimla

Kalmar da aka gina da *-fold* tana iya zama sifa, tana iya zama bayanau, ba tare da siffarta ta canza ba. A cikin *a tenfold increase* sifa ce, tana siffanta ƙarin da aka samu. A cikin *sales rose tenfold* bayanau ce, tana bayyana yadda cinikin ya tashi. Jefi-jefi takan yi kama da suna, musamman da manyan lambobi, kamar a *repaid a hundredfold*.

Ma'ana ta farko ita ce ta lissafi: adadin farko sau lambar da aka ambata. Ma'ana ta biyu ba ruwanta da yawa ko girma. Idan marubuci ya ce *the problem is twofold*, ba cewa yake matsalar ta ninka ba, yana nufin tana da fuska biyu, kuma mai karatu zai sa ran a lissafo masa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma'anar ta fi zama a kan ƙananan lambobi, daga biyu zuwa takwas ko kusa da haka. Sanannen misalinta shi ne *Noble Eightfold Path*, sunan da ake kiran tafarkin addinin Buddha mai rukunai takwas da shi a Turanci. Mahallin jimla ne ke raba ma'anonin biyu: idan akwai kalmar ƙaruwa ko raguwa a kusa, lissafi ake nufi, idan kuma manufa ce ko dalili ko matsala ake siffantawa, sassa ake nufi.

Abin da *-fold* ba ta yi shi ne ƙirga maimaituwar aiki. Ba a cewa *he came threefold* da nufin ya zo sau uku. Wannan aikin *once*, *twice* da *three times* ne.

## Asali

### Tsohon Turanci

A Tsohon Turanci, wato harshen da aka yi magana da shi a Ingila daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 11, siffar ɗafin ita ce *-feald* a karin harshen Saksonawan Yamma, wanda aka yi yawancin rubutun zamanin da shi. Akwai *anfeald*, *twifeald*, *þrifeald*, *seofonfeald* da *manigfeald*. Harafin þ shi ne sautin da ake rubutawa *th* a yau. Aikatau ɗin da ɗafin yake dangantaka da shi kuwa *fealdan* ne, kakan *fold* na yanzu.

Sai dai siffar da ake amfani da ita yau ba daga *-feald* ta fito kai tsaye ba. Ta fito ne daga *-fald* ta karin harshen Angiliyawa, mutanen tsakiya da arewacin Ingila. Wasalin *a* ya yi tsawo a gaban baƙaƙen *ld*, daga baya a Turancin Tsakiyar Zamani dogon *a* ya rikiɗe zuwa *o*. Tafiyar da *ald* ta yi ta zama *old*, *cald* ta zama *cold*, *haldan* ta zama *hold*, ita ce *fald* ta yi. A harshen Scots na ƙasar Sikotland wasalin ya bi wata hanya daban, shi ya sa suke da *auld*, *cauld* da *fauld*.

Kalmar *anfeald*, wadda fassararta ta zahiri ita ce ninki ɗaya, ta fi sauran faɗin ma'ana. Tana nufin abu guda, abu mai sauƙi, da kuma mutumin da ba shi da ha'inci. Wajen shekara ta 1000, wani malamin coci mai suna Ælfric na Eynsham ya rubuta littafin nahawun Latin da Turancin zamaninsa domin ɗalibai, kuma da yake babu kalmomin nahawu a harshen sai ya ƙirƙira. Tilo ya kira shi *anfeald getel*, jam'i kuma *menigfeald getel*, wato adadi mai ninki ɗaya da adadi mai ninki da yawa. Waɗannan kalmomi ba su rayu ba, *singular* da *plural* na Latin ne suka maye gurbinsu. Ita ma *anfeald* ta ɓace, *simple* da *single* suka raba gadonta. *Onefold* tana cikin ƙamus har yanzu, amma da wuya a ga mai amfani da ita. A Scots ne kawai ta bar jika, *aefauld*, wadda ake siffanta mutum mai zuciya ɗaya da ita.

### Sauran harsunan dangin Jamusanci

Ɗafin ya girmi Turanci kansa. A harshen Gotawa, wanda ya mutu, akwai *ainfalþs* da *managfalþs* a fassarar Littafi Mai Tsarki da Bishop Wulfila ya yi a ƙarni na 4. Tsohon harshen mutanen Sikandinebiya yana da *-faldr*, kuma har yau mutanen Iceland suna cewa *einfaldur*, mai sauƙi, da *tvöfaldur*, mai ninki biyu. Sautin þ na Gotawa da *d* na Turanci a wannan kalma abu ɗaya ne a asali, kamar yadda *gulþ* na Gotawa yake *gold* a Turanci.

Harshen Holan ya yi abin da Ælfric ya gwada, kuma shi ya ɗore. Ɗalibin firamare a ƙasar yana koyon cewa tilo *enkelvoud* ne, jam'i kuma *meervoud*, inda *-voud* ɗin 'yar'uwar *-fold* ce. A Jamusanci siffofin su ne *-falt* da *-fältig*, kamar a *Vielfalt*, bambancin iri-iri, amma wajen lissafi na yau da kullum wani ɗafin, *-fach*, ya ƙwace aikin, ana cewa *zweifach*, *dreifach*, *zehnfach*. Wani abin lura shi ne inda kalmar ninki ɗaya ta ƙare a waɗannan harsuna. *Einfältig* a Jamusanci da *enfaldig* a harshen Suwidin sun faro da ma'anar mutum mai sauƙin hali, yanzu kuwa wawa ko sakarai ake nufi da su.

### Latin da Girkanci

Masana tarihin harsuna sun mayar da ɗafin ga wata saiwa ta uwar harsunan Indiya da Turai, wadda suke rubutawa *pel-*, mai ma'anar ninkewa. Yadda *p* ya koma *f* ba baƙon abu ba ne. Ƙa'ida ce ta sauyin sauti da ake kira Dokar Grimm, da sunan Jacob Grimm wanda ya tsara ta a 1822 bayan aikin Rasmus Rask na 1818. Ita ce ta sa *pater* na Latin ya dace da *father*, *piscis* kuma ya dace da *fish*.

Saboda haka inda harsunan Jamusanci suke da *f*, Latin da Girkanci suna da *p*. Latin yana da *-plus* a cikin *duplus* da *triplus*. Girkanci yana da *haploos*, mai ninki ɗaya, da *diploos*, mai ninki biyu. Daga wannan ta biyun aka samu *diploma*, wadda asalin ma'anarta takarda ce da aka ninke biyu. Ke nan kalmomin difloma da diflomasiyya da Hausa ta aro dangi ne na nesa ga *twofold*. Latin yana da wani ɗafin kuma, *-plex*, a cikin *simplex* da *duplex*, mai alaƙa da aikatau *plicare*, ninkewa. Masana da yawa suna ganin saiwarsa reshe ce ta waccan ta farko. Daga *plicare* Turanci ya samu *multiply*, *duplicate*, *complicate* da *ply* ɗin da ke cikin *plywood*, katakon nan da ake yi da siraran fallaye da aka manna kan juna. Idan aka rarraba *multiply* gida biyu, ma'anarta ninki da yawa, daidai da *manifold*. Ita kuwa *duplicity*, wato munafunci, ninki biyu ce a asali, kishiyar mutumin nan mai ninki ɗaya na Scots.

## Gogayya da kalmomin aro

Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci sun kwararo cikin Turanci. Cikinsu akwai *double* da *treble*, sannan *triple* ta biyo baya, daga bisani *quadruple* da 'yan'uwanta suka shigo daga Latin. Waɗannan sun fi *-fold* wata dama guda: suna iya zama aikatau. Ana cewa *prices doubled*, amma babu aikatau *twofold*. Sun kuma mamaye abubuwan yau da kullum, gado mai cin mutum biyu *double bed* ne, ba mai kiransa *twofold bed*. A ɓangare guda kuma, *times* ta ɗauke aikin kwatance a maganar baki, kamar a *three times as much*.

Abin da ya hana *-fold* mutuwa shi ne ba ta da iyaka. Jerin Latin yana tafiya lafiya har zuwa *quadruple* da *quintuple*, daga nan sai ya fara nauyi a baki, kuma mutane ƙalilan ne suka san *decuple* ko *centuple*. Amma kowace lamba tana karɓar *-fold*, ko 17 ce ko 3,000 ko 2.4. Fassarorin Littafi Mai Tsarki ma sun taimaka wajen riƙe ta a kunnen jama'a. A fassarar King James ta 1611, misalin mai shuka a Linjilar Matiyu sura ta 13 yana ɗauke da *hundredfold*, *sixtyfold* da *thirtyfold*, labarin Zakka a Luka sura ta 19 kuma yana da *fourfold*. Wasu fassarorin zamani sun musanya waɗannan da *times*, wanda ke nuna yadda ɗafin ya ja baya daga maganar talakawa. Shi ya sa *hundredfold* da *thousandfold* suke da ƙamshin wa'azi ko adabi a kunnen Bature na yau, alhali *2.5-fold* tana da ƙamshin ɗakin gwaje-gwaje.

Ita kanta *twofold* ba tsohuwar siffa ba ce. Ta asalin ita ce *twifeald*, wadda ta zama *twifold*, daga baya aka sake gina ta a kan *two* don ta yi daidai da lambar da kowa ya sani.

## Ruɗanin lissafi

Nan ne ɗafin ya fi ba masu koyo, da ma masu harshen, wahala. Tushen ruɗanin shi ne *-fold* tana ƙirga fallayen da aka samu bayan ninkewa, ba yawan ninkewar da aka yi ba. Takardar da aka ninke sau ɗaya tana da falle biyu, kuma ita ce *twofold*. Idan aka ninke ta tsakiya sau uku a jere, falle takwas za ta bayar, ba uku ba. Masu buga takardu suna bin wannan ƙirgar: takardar talla da suke kira *tri-fold* tana da layin ninki biyu ne kacal, amma shafi uku a kowace fuska.

Don haka *threefold increase* na nufin sabon adadin ya zama tsohon sau uku. A misalce, idan kayan da ake sayarwa naira 10,000 suka koma naira 30,000, an samu *threefold increase*. Abin da aka ƙara a kai naira 20,000 ne, wato kashi 200 cikin 100, ba kashi 300 ba. Haka *twofold increase* ƙarin kashi 100 ne, *tenfold increase* ƙarin kashi 900, *1.5-fold increase* kuma ƙarin kashi 50. Kuskuren mayar da *threefold* zuwa ƙarin kashi 300 ya yawaita a rahotanni, kuma ba ƙaramin kuskure ba ne, domin a misalin da ke sama zai kai farashin naira 40,000.

Akwai masu ganin cewa tunda an ce *increase*, kamata ya yi lambar ta siffanta ƙarin kansa, ta yadda *threefold increase* a kan 10,000 zai ba da 40,000. A fuskar mantiƙi hujjarsu ba ta rasa tushe ba, amma ba haka masu harshen suke amfani da kalmar ba. Abin da ke ƙara dagula al'amarin shi ne siffar *increased by threefold*, domin *by* a Turanci ta saba gabatar da abin da aka ƙara. Editoci da yawa suna cire *by* ɗin, ko su sa a rubuta adadin farko da na ƙarshe a fili.

Wajen raguwa, *threefold decrease* na nufin an raba adadin gida uku an bar kaso ɗaya, 90 ta koma 30. Masu tsattsauran ra'ayin nahawu ba sa son wannan siffar, suna cewa ninki ƙaruwa ne, ba ya raguwa. Duk da haka ta zauna daram a rubutun kimiyya. Ita kuwa *onefold increase* ba ta da ma'ana mai amfani, tunda adadi sau ɗaya shi ne adadin. Idan aka gan ta, sau da yawa fassara ce daga harshen da ke ƙirga ƙarin maimakon jimlar. Sinanci misali ne, domin a cikinsa ƙaruwa da *bei* ɗaya na nufin abu ya zama biyunsa.

## A fagen kimiyya

A ilimin halittu akwai ma'aunin da ake kira *fold change*, wanda shi ne sabon adadi a raba da tsohon. Ana yawan amfani da shi wajen auna yadda aikin wata ƙwayar gado ya ƙaru ko ya ragu tsakanin samfuri biyu. Saboda ƙaruwa tana iya tafiya daga 1 zuwa ko nawa, raguwa kuwa a matse take tsakanin 0 da 1, masu bincike kan mayar da adadin zuwa logaridim mai tushe 2. A wannan ma'auni ninki biyu 1 ne, ninki huɗu 2 ne, komawa rabi kuma −1.

A gwajin jini, ana tsarma ruwan jinin mataki-mataki, kowane mataki rabin ƙarfin na gabansa: 1:20, 1:40, 1:80, da sauransu. Idan aka ɗebi jinin majiyyaci sau biyu da tazarar makonni, aka ga ƙwayoyin garkuwar jiki sun tashi daga 1:20 zuwa 1:80, wannan shi ne *fourfold rise*, kuma an daɗe ana ɗaukarsa alamar sabon kamuwa a cututtuka da dama. Mataki biyu ne aka hau, amma ninkin huɗu ne. Irin wannan tsallen yana cikin ma'aunin Richter na girgizar ƙasa, inda kowace lamba guda take nufin ninki 10 a girman motsin da na'ura ta ɗauka, da ninki kusan 32 a ƙarfin da girgizar ta saki.

A nazarin siffofi, *-fold* tana ƙirga sau nawa abu yake komawa kamanninsa idan aka juya shi zagaye ɗaya cikakke. Tauraro mai tsini biyar yana da *fivefold symmetry*, ɗakin saƙar zuma mai kusurwa shida yana da *sixfold*. An daɗe ana koyar da cewa kiristal ba ya iya samun irin wannan daidaito sai na 2, 3, 4 ko 6. A watan Afrilun 1982, masanin Isra'ila Dan Shechtman, yana aiki a wata cibiyar gwamnati a Amurka, ya ga tsari mai daidaito 10 a wani haɗin alminiyam da manganis. An sha musanta shi kafin a yarda, kuma binciken ne ya ba shi lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 2011. A fiziks kuma, Murray Gell-Mann ya kira tsarin da ya rarraba ƙananan ƙwayoyin zarra da shi a 1961 *the Eightfold Way*, yana aron sunan daga tafarkin Buddha.

Masu koya wa kwamfuta aiki da bayanai suna da *10-fold cross-validation*: a kasa bayanan gida 10, a yi koyarwa da 9, a yi gwaji da ɗayan, a maimaita har kowane kaso ya samu zama na gwaji. Kowane kaso a nan ana kiransa *a fold*, wato ɗafin ya ɓalle daga jikin lamba ya zama suna mai zaman kansa.

## Manifold

*Manifold* ita ce 'yar gidan da ta fi kowa yin nisa. Daga *manigfeald* ta fito, kuma ta riƙe tsohon furucin wasalin farko, shi ya sa ba ta yi daidai da *many* na yau ba. A matsayin sifa tana nufin iri-iri ko masu yawa kuma mabambanta, kamar a *manifold problems*. Da ma'anar lissafi ta gushe daga jikinta, sai aka sake ƙera *manyfold* domin ninki da yawa. Kalmomin biyu tushensu ɗaya, amma ba a musanya su.

A matsayin suna, makanikai sun san ta: ita ce bututun nan mai baki da yawa da ke jikin injin mota, wanda ke raba iska ga silindoji ko ya tattara hayaƙinsu zuwa salansa. A lissafi kuma suna ce ta wani irin sarari da idan aka dubi ɗan yankinsa sai a ga kamar shimfiɗaɗɗe ne, ko da gaba ɗayansa a lanƙwashe yake, kamar doron ƙasa. Wannan ma'anar fassara ce ta *Mannigfaltigkeit*, kalmar da Bernhard Riemann ya yi amfani da ita a laccarsa ta 1854 a Göttingen. William Kingdon Clifford, wanda ya fassara laccar zuwa Turanci a 1873, *manifoldness* ya rubuta, daga baya aka gajarta. Daga nan masana lissafi suka samu wata sabuwar al'ada, suna kiran irin wannan sarari mai awo uku *a threefold*, mai awo huɗu *a fourfold*.

## Fassara zuwa Hausa

Hausa ta bi irin tunanin da Turanci ya bi. Ana ninke zane, ana kuma ninka kuɗi, saiwar ɗaya ce. Ninki shi ne abin da ya fi kusa da *-fold*, riɓi ma haka, kamar a riɓi biyu da riɓanya. Larabci ma yana da irin wannan alaƙa, domin *thana*, ninkewa, da *ithnan*, biyu, saiwarsu ɗaya, kuma daga ta biyun ne Hausa ta samu sunan ranar Litinin. Wannan kamanni ba ya nuna dangantaka tsakanin Hausa da Turanci. Abin da yake nunawa shi ne ninke tufa hanya ce ta kusa da mutane a wurare daban-daban suka fahimci riɓanya da ita.

Bambancin da Turanci ya yi tsakanin *times* na maimaituwa da *-fold* na adadi yana nan a Hausa tsakanin sau da ninki: ya zo sau uku, amma kuɗinsa sun zama ninki uku. Matsalar tana tasowa ne idan aka haɗa su. Jimlar "farashi ya ninka" a fili take, ya zama biyunsa. Amma "ya ninka sau biyu" tana iya ɗaukar fassara fiye da ɗaya: wani zai ji biyunsa, wani kuma zai ji an ninka an sake ninkawa, wato huɗunsa. Mai fassara *threefold increase* zai fi tsira idan ya ce abu ya kai ninki uku na yadda yake a da, ya kuma kawo lambobin idan yana da su. Wajen raguwa, "ya ragu ninki uku" ba ta zauna a kunnen Bahaushe ba, "ya koma kashi ɗaya cikin uku" ta fi. Ma'ana ta biyu kuwa ba ta buƙatar ninki ko kaɗan: *the aim is twofold* manufa biyu ce, ko manufa mai fuska biyu. Idan adadin ba a fayyace yake ba, kamar *manyfold*, Hausa tana da ninkin-ba-ninki.

## Kalmomin da suka yi kama da ita

Ba kowace kalmar da ta ƙare da *fold* ce take ɗauke da wannan ɗafi ba. *Billfold*, walat ɗin kuɗi a Turancin Amurka, da *centrefold*, shafukan tsakiyar mujalla, harɗaɗɗun kalmomi ne da aka gina da suna *fold*. Dangi ne, amma ba su nuna adadi. *Bifold* da *trifold* kuma gauraye ne na ɗafa-goshin Latin da kalmar Turanci, ana amfani da su ga ƙofofi, walat da takardu masu ninkuwa a zahiri.

Wasu kuma babu dangantaka ko ta nesa. *Fold* ɗin da ke cikin *sheepfold*, garken tumaki, daga wata kalmar Tsohon Turanci ce daban, *falod* ko *fald*, mai nufin shingen dabbobi, kuma ita ce a cikin karin maganar *return to the fold*, komawa cikin jama'ar da mutum ya bari. *Scaffold*, katakai ko ƙarafan da magina ke hawa, aro ce daga Tsohon Faransanci. *Blindfold*, ƙyallen ɗaure ido, ta samo asali daga aikatau *blindfellen* na Turancin Tsakiyar Zamani, mai nufin makantar da mutum ko rufe masa ido. Siffarta ta abin da ya wuce ita ce *blindfelled*, sai masu magana suka karkatar da ƙarshenta zuwa *fold* saboda ƙyallen da ake ɗaurawa ninke shi ake yi.